Ba a San Maci Tuwo ba Sai Miya ta Ƙare: Dakiyar 'Yan Wasan Jos a Ranar Matsi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a garin nan na Jos, ko a Farin Gada ne, ko Unguwar Rogo, ko Bukuru, ya san irin shirun da ke sauka a duk lokacin da alƙalin wasa ya ba da bugun fenariti ana dab da tashi. Mai gardama yakan haɗiye gardamarsa, mai cin gyaɗa ya manta da ita a hannu. Sai ka ga mutum ɗaya ya ɗauki ƙwallo ya dasa, ya ja da baya. Idan ta shiga raga, nan take mu ce: “Namijin duniya, wannan yana da zuciya!” Idan kuwa ya ɓarar, sai mu ce matsoraci ne, ko an saye shi, ko an yi masa asiri. Cikin ƙiftawa da bismilla mun gama yanke wa bawan Allah hukunci a kan halinsa gaba ɗaya.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce in ja hankalinmu a kan wannan hukunci da muke yankewa cikin gaggawa. Ra'ayina shi ne, dakiyar da ɗan wasa ke nunawa a lokacin da tura ta kai bango aba ce mai tsada wadda ba kowa ke da ita ba, amma muna yin kuskure biyu game da ita. Na farko, muna auna ta da kofi, alhali kofi aikin mutum goma sha ɗaya ne har da rabo. Na biyu, muna ɗauka da ita ake haihuwar mutum, alhali renonta ake yi kamar yadda ake renon shuka. Kuma babu garin da ya fi Jos ba da shaida a kan wannan.

Me Ke Faruwa da Ɗan Wasa a Lokacin Matsi?

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu fahimci abin da muke magana a kai. Tsakanin wurin bugun fenariti da raga mita 11 ne kacal. Faɗin ragar ya haura mita 7, tsayinta kuma ya kusa mita 2 da rabi. Ƙwararren ɗan wasa zai iya cin irin wannan bugu sau ashirin a jere a wurin atisaye yana raha da abokai. To, me ke sa ƙafar da ta saba ta ci amanar mai ita a ranar wasan ƙarshe?

Masana sun bayyana cewa idan mutum ya tsorata, jikinsa yakan saki wani sinadari da ke sa zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya gajarce, tsokoki su ɗaure. Wannan shiri ne da ke da amfani ga wanda ya yi kiciɓis da kura a daji, amma cikas ne ga mai aikin da ke buƙatar saiti. Bugu da ƙari, mai tsoro yakan koma yana lura da abin da jikinsa ya daɗe da haddacewa. Kamar mai saukowa daga bene ne, idan ya ce sai ya ƙirga yadda yake ɗaga kowace ƙafa, a nan ne zai yi tuntuɓe. Wannan shi Bahaushe ke kira daburcewa ko kiɗimewa.

Wani masani ɗan ƙasar Norwe mai suna Geir Jordet ya shafe shekaru yana nazarin bugun fenariti na raba gardama a manyan gasanni. Ya gano cewa idan bugun na cin wasa ne, wato in ka ci ƙungiyarka ta yi nasara, kusan tara cikin goma sukan shiga. Idan kuwa bugun na tsira ne, wato in ka ɓarar an fitar da ku, kusan shida ne kawai cikin goma ke shiga. Raga ɗaya, nisa ɗaya, ƙwallo ɗaya, abin da ya bambanta shi ne abin da ke cikin ƙirjin mai bugu. Ya kuma lura cewa waɗanda ke rugawa su buga da zarar an hura usur, kamar masu son su rabu da ƙaya, sun fi ɓararwa a kan waɗanda ke ɗan dakatawa su ja numfashi. Ashe ba a banza aka ce faɗuwar gaba asarar namiji ba.

Saboda haka, abin da nake nufi da dakiya shi ne mutum ya iya yin aikin da ya saba yi, yadda ya saba yin sa, a lokacin da gabansa ke faɗuwa.

Shaidu Huɗu Daga Jos

Shaida ta farko iyayenmu ne suka gan ta. A shekarar 1972 ƙungiyar Mighty Jets ta Jos ta zama zakara a gasar lig ta ƙasa ta farko da aka taɓa yi a Nijeriya. A wannan shekara kuma ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, inda ta haɗu da ƙungiyar Benin da aka fi sani da Bendel Insurance a Legas. An ci Jets biyu ba ko ɗaya, lokaci kuma ya kusa cika. A daidai lokacin da kowa ya fid da rai, sai Sam Garba Okoye ya farke ƙwallayen nan biyu, aka tashi kunnen doki. Da aka sake wasan a Ibadan, Bendel ta yi nasara da ci 3 da 2.

Shaida ta biyu ta fito ne daga wani tsohon ɗan bayan wannan ƙungiya ta Jets, wato marigayi Isma'ila Mabo, wanda ya rasu a 2023. Shi ne ya jagoranci 'yan matan Super Falcons zuwa gasar kofin duniya ta mata a Amurka a 1999. A wasan daf da na kusa da na ƙarshe, Burazil ta zura musu uku kafin a tafi hutun rabin lokaci. Ƙungiyoyi da yawa daga nan sai su saki jiki su jira usur. Amma 'yan matan Mabo suka dawo suka farke ukun nan ɗaya bayan ɗaya, aka tafi ƙarin lokaci suna da mutum goma bayan an ba ɗayarsu jan kati. Daga ƙarshe 'yar wasan Burazil mai suna Sissi ta ci su da bugun tazara, aka tashi 4 da 3. Wannan ya isa ya nuna mana cewa karin maganar da na kawo a sama bai keɓanta ga maza ba.

Shaida ta uku ita ce ta Ahmed Musa, wanda aka haifa a Jos a 1992, ya taka leda a JUTH kafin ya koma Kano Pillars. A gasar kofin duniya ta 2014, Lionel Messi ya ci Nijeriya a minti na 3. Kafin 'yan Ajantina su gama murna, Musa ya farke a minti na 4. Messi ya ƙara ana dab da hutu, Musa ya sake farkewa da dawowa. Duk da haka Ajantina ce ta yi nasara da ci 3 da 2. Bayan shekara huɗu, a Rasha, Kuroshiya ta doke mu 2 da nema a wasan farko, wanda Musa ya fara daga benci. Ranar 22 ga Yunin 2018 muka haɗu da Iceland, ga kunyar fita da wuri tana kallonmu. Musa ya ci biyu. Ina so mai karatu ya tuna ƙwallo ta biyun. Ya wuce ɗan baya da gudu, ya kewaye mai tsaron gida, ga 'yan baya biyu sun koma sun tsaya a bakin raga. Wani da sai ya yi wuf ya buga. Shi kuwa sai da ya ɗan tsaya, ya gyara ta, ya duba, sannan ya aika. Wannan ɗan tsayawar ita ce dakiya. A wannan wasa dai, gwanin Iceland Gylfi Sigurdsson ya samu fenariti ya harba ta sama da raga.

Shaida ta huɗu ita ce mafi nauyi. John Mikel Obi, haifaffen Jos a 1987, wanda ya bi ta Plateau United kafin ya tafi Turai, shi ne kyaftin ɗin Nijeriya a wannan gasa ta 2018. Ranar 26 ga Yuni, saura kimanin awa huɗu a fara wasa da Ajantina, aka sanar da shi cewa an sace mahaifinsa a hanyar Enugu, kuma masu garkuwar sun ce za su kashe shi idan aka sanar da hukuma. Wannan ne karo na biyu, domin an taɓa sace dattijon a nan Jos a 2011. Mikel bai gaya wa kocinsa Gernot Rohr ba, bai gaya wa abokan wasansa ba. Ya ɗaura kyallen kyaftin ya buga minti casa'in cif. Ajantina ta ci ƙwallon nasara a minti na 86, aka fitar da mu. Sai bayan da aka kuɓutar da mahaifin nasa, kusan mako guda, duniya ta san abin da ya shiga fili da shi a ƙirjinsa.

Kofi ba Shi ne Ma'auni ba

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, ka lura da wani abu? Idan ka cire wasan Iceland, duk sauran wasannin da na lissafa rashin nasara aka yi a ƙarshensu. Sam Garba bai ɗaga kofin ba. 'Yan matan Mabo sun dawo gida. Musa ya ci biyu an ci mu uku. Mikel ya fita daga gasa. Idan da kofi ake auna zuciya, to sai mu ce waɗannan mutane ba su da ita, kuma duk mai hankali ya san wannan magana ba ta kama hanya ba.

Na san wani zai ce: “Ai ƙwallo ci ake nema, dakiyar da ba ta kawo kofi ba me amfaninta?” Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin babu mai shiga fili don ya burge da haƙuri. Amma abin da ke hannun ɗan wasa shi ne bugunsa da tsayuwarsa da shawararsa. Kuskuren abokinsa, da hukuncin alƙali, da ƙarfen raga da ke maido da ƙwallo, duk ba a hannunsa suke ba. Idan muka ɗora masa alhakin abin da ba ya hannunsa, mun zalunce shi, kuma mun koya wa na bayansa cewa hanyar tsira ita ce kada ka yarda ƙwallo ta same ka a minti na casa'in.

A nan kuma ya kamata in yi wani gargaɗi. Kada labarin Mikel ya zama sandar dukan wasu. Da a ce ya zauna a ɗaki yana kuka a ranar nan, babu wanda ya isa ya ga laifinsa. Abin kunya a wannan labari namu ne, mu da ƙasarmu ta kasa tsare mahaifin kyaftin ɗinta har sau biyu.

Gado ce ko Horo?

Masu cewa da dakiya ake haihuwar mutum suna da hujjarsu, domin ko a cikin gida ɗaya akwai yaro mai saurin firgita, akwai mai taurin rai. Ban musa ba. Amma da a ce dakiya tabo ce da ba ta goguwa, da wanda ke da ita bai taɓa ɓararwa ba. Mu duba tarihi mu gani.

A 1994 Roberto Baggio na Italiya ne ya raba mu da gasar kofin duniya. Muna gaba da ci ɗaya, saura minti biyu, ya farke, ya kuma ci fenariti a ƙarin lokaci. Bayan kwana 12, a wasan ƙarshe da Burazil, wannan Baggio ɗin ya harba tasa fenaritin sama. A 1996 Nwankwo Kanu ya farke wa Nijeriya a minti na ƙarshe a wasanta da Burazil a gasar Olamfik, ya kuma ci ƙwallon da ta kai mu wasan ƙarshe. A 2000, a Legas, a wasan ƙarshe na kofin Afirka da Kamaru, mai tsaron gida ya tare bugun wannan Kanu ɗin. Shin zuciyar tasu ce ta gudu? A'a, 'yan Adam ne, yau gare ka gobe ga waninka.

Wanda ya fi burge ni ma shi ne Asamoah Gyan na Ghana a 2010. Ya samu fenaritin da za ta kai Afirka wasan kusa da na ƙarshe a karon farko, a minti na ƙarshe na ƙarin lokaci, ƙwallo ta daki ƙarfe. Bayan 'yan mintoci aka zo bugun raba gardama da Uruguay, shi ne ya fara fitowa daga ɓangaren Ghana, ya kuma ci. Mutane sun riƙe wadda ya ɓarar, sun manta da wadda ya dawo ya buga, alhali a wajena ta biyun ce ta nuna ko shi wane ne.

Mu dawo gida. Shekaru da dama ƙungiyoyin Jos suna zuwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale suna dawowa hannu rabbana, har mutane suka fara cewa baki aka yi wa garin. Jets ta sake faɗuwa a hannun Rangers ta Enugu a 1974. Plateau United ta faɗi a hannun BCC Lions ta Gboko a 1993, ta kuma faɗi a hannun maƙwabtanmu Wikki Tourists ta Bauchi a 1998 a bugun fenariti. Da shekara ta zagayo, a 1999, ta koma wasan ƙarshe ta doke Iwuanyanwu Nationale da ci ɗaya mai ban haushi ta ɗauko kofin. A 2017 kuma, ƙarƙashin koci Kennedy Boboye, ta riƙe numfashinta har ranar ƙarshe ta gasar lig, ta doke Rangers a nan Jos ta zama zakara. Ina bakin ya tafi? A ganina wanda ya sha zuwa bakin kogi shi ke sanin mashigi.

Haka abin yake a Ingila. Gareth Southgate ya ɓarar da fenaritin da ta fitar da ƙasarsa a hannun Jamus a 1996. Da ya zama koci bai ce sa'a ce ya naɗe hannu ba. Ya sa 'yan wasansa sun riƙa atisayen bugun da gaske, har da yadda za su tako daga tsakiyar fili. A 2018 Ingila ta doke Kolombiya a bugun raba gardama, karo na farko a tarihinta a gasar kofin duniya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Namu Laifin

Yanzu bari in juyo kanmu, domin gwano ba ya jin warin jikinsa. Na taɓa kallon wasan ƙarshe na wata gasar unguwanni a wani filin makarantar firamare. An tashi canjaras, aka zo bugun fenariti. Da koci ya nemi masu bugu, manyan 'yan wasan da ke ta cika baki tun safe kowa ya sunkuya yana gyaran igiyar takalmi. Wani yaro da bai wuce shekara goma sha shida ba ya ɗaga hannu. Ya buga, gola ya kama. Kafin ya fita daga fili an jefe shi da ledar ruwa, an zagi iyayensa, wasu na cewa kuɗi ya karɓa. Makonni ana yi masa waƙa a layinsu. Ban sake ganinsa a fili ba. Waɗanda suka ɓuya a bayan igiyar takalmi kuwa, ba wanda ya ce musu uffan.

Ka ga yadda muke yi ke nan. Muna hukunta wanda ya fito, muna ƙyale wanda ya ɓuya, sannan mu zauna a gidan kallo muna tambayar me ya sa ba a samun masu zuciya kamar na da. Wa ya san ko wani Ahmed Musa muka kora a ranar nan?

Wani laifin kuma shi ne dogaro da tsubbu. Sau nawa muka ga ƙungiyar unguwa da ba ta da ƙwallon atisaye guda uku, amma ta tara kuɗi ta kai wa boka don a binne laya a bakin raga? Idan layar tana da wani amfani, bai wuce ta kwantar wa yaro da hankali na ɗan lokaci ba. Illarta kuwa, ranar da ya ga abokan hamayya sun tono ta, ko ya ji an ce nasu bokan ya fi ƙarfi, to an ci shi tun bai taɓa ƙwallo ba. Addu'a daban, tsubbu daban, kuma ita kanta addu'ar da aiki take tafiya.

Shawarwari

Na farko, masu horar da yara su riƙa saka matsi a cikin atisaye. A buga fenariti bayan an gaji, a gaban jama'a, a sa wani ɗan abu da za a samu ko a rasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyu, a koya wa kowane yaro ya samu tsari guda da zai riƙa bi kullum: ya dasa ƙwallo da kansa, ya zaɓi kusurwa tun kafin ya ja da baya, ya ja numfashi, kada ya yi gaggawa don an hura usur.

Na uku, idan ɗan wasa ya ɓarar, abokansa su je su taro shi tun daga inda yake tsaye, kada a bar shi ya dawo shi kaɗai. Kuma a wasa na gaba a sake miƙa masa ƙwallon.

Na huɗu, mu 'yan kallo mu kama bakinmu. Zolaya ta cikin wasa ce, amma zagin iyaye da jifa da ƙazafin cin hanci ba tare da hujja ba, ba su cikin tarbiyyar da aka yi mana.

Kammalawa

A taƙaice, wannan rubutu ya yi ƙoƙarin nuna cewa dakiya a lokacin matsi ba ta hana faɗuwa, kuma mai ita ba wai ba ya jin tsoro ba ne. Yana ji, amma ya saba da aiki a cikinsa. Mu ma ɗalibai muna da namu bugun fenaritin, domin wanda ya taɓa tsayawa a gaban malamai don kare kundin bincikensa, harshe ya ɗaure alhali ya san amsa, ya ɗanɗani abin da Baggio ya ji. Maganin ɗaya ne: shiri tun da wuri, da yawan gwaji a gaban mutane, da abokai masu tayar da wanda ya faɗi. Saboda haka, ranar da ka sake ganin wani yaro ya ɗauki ƙwallo ya nufi wurin bugu a filin Rwang Pam ko a filin unguwarku, ka tuna cewa akwai wasu da suka ƙi ɗauka. Ko ta shiga ko ba ta shiga ba, ka tafa masa. Allah ya ba mu natsuwa a ranar da muka fi buƙatarta, amin.